Darasin Laraba

Inna ta ce, 'ya'yan mutane sun tafi karatun likita,
ke kin tafi Dadin Kowa kwasar kashin doki.
Ban musa ba.
Da cebur na fara, kafin biro.

Malam Bappayo bai buɗe littafi ba a makon farko.
Ya ce, Barira, ta kafaɗa ake zuwa, ba ta baya ba,
ki yi sallama da murya kafin ki kai hannu,
doki ba ya son baƙon da ya faɗo masa kamar ɓarawo.

Na koyi sa yatsu biyu ƙarƙashin muƙamuƙi
ina ƙirge: talatin da shida, lafiya lau.
Na koyi kara kunne a gefen ciki.
Cikin da ke ƙugi shi ne mai lafiya,
wanda ya yi tsit shi ke ta da mutum tsakar dare.
Na ɗaga kofato na ƙwaƙule tsakuwa,
na tsinci kaska a gindin geza,
na auna dusa, na jiƙa kanwa,
na ware harawar da ta yi fumfuna.
Tafina ya yi kanta. Lallen bikin Hansatu ya ƙi zama.

Gunya ce rabona.
Goɗiya, shekara goma sha tara, baya ya fara lotsawa.
An ce ta yi sukuwa da ƙuruciya
har ta ciyo wa wani mutumin Bajoga babur.
Yanzu ko hadari ba ya sa ta sauri.

Laraba ake kawo yaran, a farar bas daga Gombe.
Cikinsu akwai Jibo, ɗan shekara bakwai,
bai taɓa cewa Umma ba.
Hannuwa a dunƙule, ido a kan komai banda mutum.
Uwarsa ta sha hanya:
rubutu, hayaƙi, allura, layin asibiti tun asuba.
Ta dube ni, ta dubi goɗiyar,
kallon wadda aka sha yi wa alkawari.

Larabar farko ya ƙwalla ƙara.
Gunya ta juya kunne ɗaya, ta ci gaba da tauna.
Ta uku ya tsaya a inuwarta.
Ta shida muka ɗora shi, ba sirdi, bargo kawai,
ni a hagu, mai gashin ƙashi a dama,
Malam riƙe da ragama.
Littafi ya ce tafiyar doki tana kaɗa ƙugun mahayi
kamar shi ne ke takawa.
Littafi bai ce komai ba
a kan yadda numfashin yaro ke sauka, sauka,
har ya daidaita da na dabbar da ke ƙarƙashinsa.

Kada in yi ƙarya: bai yi magana ba.
Har yau bai yi ba.

Amma Laraba ta tara, ina kwance igiya,
ya tsinci ganyen gyaɗa a ƙasa,
ya buɗe hannu,
shimfiɗe, yatsu a haɗe,
yadda na koya wa sauran yara, ban koya masa ba.
Ashe yana ji.
Leɓen Gunya ya share tafinsa,
ya yi dariya guda ɗaya, gajeriya,
kamar murfin kwano ya faɗi a siminti.
Uwarsa ta juya tana gyara mayafin da bai karkace ba.

A jarrabawa aka ce mu kawo alamomin ci gaba biyar.
Na kawo. Sha huɗu cikin ashirin.

Da na je hutu Inna ta shinshina zanena,
ta ce har yanzu warin barga.
Ta kama hannuna tana murza kantar, ba ta saki ba.
Na sa yatsu biyu a gefen wuyanta.
Ta ce, me kike ƙirgawa kuma?
Na ce ba komai, Inna.

Saba'in da huɗu.
Lafiya lau.